Yadda na samu izinin koyar da tattalin arziki da labaran mako a wata sakandare a Accra

Ina koyar da darasin tattalin arziki a wata babbar sakandare ta jeka-ka-dawo a Accra, inda yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Nima ne da Mamobi da Kotobabi da unguwannin da ke kewaye da su. A watan Oktoban 2022, lokacin da 'yan kasuwar ƙungiyar GUTA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan kasuwa ta Ghana, suka rufe shagunansu saboda faɗuwar darajar sidi, kuɗin ƙasar, da tsadar kaya, ni ina gaban allo ina bayanin hauhawar farashi da misalan littafin da aka buga shekaru da dama da suka wuce, alhali iyayen ɗalibai da yawa na cikin waɗanda abin ya shafa kai tsaye. A lokacin ne na ƙudura cewa sashen manhaja da ya shafi tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, wato kuɗin shigar ƙasa, da kuɗi da bankuna, da hauhawar farashi, da kasafin gwamnati, da cinikin ƙasa da ƙasa, zan koyar da shi ne da labaran da ke fitowa a makon, sannan in kai ɗalibai kasuwa su auna farashi da kansu. Faɗinsa ba wuya, amma kafin ya tabbata sai da ya bi ta ofisoshi da takardu da zaman jira, kuma tun da malamai da dama sun tambaye ni yadda aka yi, ga matakan nan bi da bi kamar yadda na taka su.

Ƙofar farko ita ce ta shugaban sashenmu, dattijo ne da ya daɗe yana duba takardun jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, wanda ya san irin tambayoyin da hukumar WAEC ke maimaitawa da irin amsar da ke kawo maki. Na yi masa bayani da baki a ɗakin malamai, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ranar da yaro ya shiga ɗakin jarrabawa, jarida za a tambaye shi ko manhaja?" Bai hana ni ba, amma ya ce ba zai kai maganar gaba ba sai ya gan ta a rubuce. Abin da ya karɓa a ƙarshe jadawali ne mai gida uku. A gidan farko akwai batun kamar yadda yake a manhaja, a na biyu akwai labarin da zan yi amfani da shi da inda ya fito, a na uku kuma akwai tsohuwar tambayar jarrabawa da ɗalibi zai iya amsawa bayan darasin. Alal misali, a gaban batun haraji na sa harajin tura kuɗi ta waya da aka fara cira a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, a gaban batun kayan aikin babban banki na sa ƙarin kuɗin ruwa da Babban Bankin Ghana ya yi ta yi a shekarar, a gaban batun bashin gwamnati kuwa na sa umarnin da Shugaba Akufo-Addo ya ba Ministan Kuɗi Ken Ofori-Atta ranar 1 ga Yuli na ya fara tattaunawa da asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Rubuta jadawalin ya cinye mini hutun ƙarshen mako, sannan na jira zaman sashe na wata, domin shi kaɗai ba ya amincewa da sauyin tsarin koyarwa. A zaman aka amince bisa sharaɗi biyu: dole in kammala manhaja a kan lokaci, kuma kada aji ya koma dandalin jam'iyya. Na roƙi a rubuta amincewar a cikin bayanin zaman, na kuma karɓi kwafinsa, kuma wannan takarda ta yi mini rana daga baya.

Daga nan sai ofishin mataimakin shugabar makaranta mai kula da karatu. A nan maganar ta tafi da sauri, domin abin da ya dame shi jadawalin darussa ne kawai. Ya haɗa mini darussa biyu a jere sau ɗaya a mako, ya ba ni rabin allon sanarwa da ke bakin ajin, sannan ya tuna mini cewa dokar makarantun sakandare ta hana ɗalibai riƙe wayar hannu, saboda haka duk labarin da zan kawo sai ya shigo a kan takarda. Wannan ya sauya lissafina gaba ɗaya, domin makarantar na karɓar jaridar Daily Graphic kwafi ɗaya ne, wanda yakan yini a ɗakin malamai, ni kuwa ina da aji mai cike da yara. Tun daga ranar na san cewa babban kuɗin wannan aiki na gurza takardu ne.

Ganin shugabar makaranta ya fi ɗaukar lokaci, ba don ta ƙi ba, sai don layin da ke ƙofarta kullum na iyaye ne da masu kawo kaya da malamai masu neman sa hannu. Na bar wasiƙata a wajen sakatariya tare da jadawalin da kwafin bayanin zaman sashe, kuma sai a mako na gaba aka kira ni. Ta karanta komai a gabana, ta ce koyarwa da jarida a cikin aji hurumin makaranta ne, ta amince nan take. Amma ta ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumban 2017, ba a yarda malami ya karɓi ko pesewa ɗaya, wato kwabon Ghana, daga hannun ɗalibi ba tare da izinin hukuma ba, ko da na gurza takarda ne ko na mota, kuma wanda ya yi hakan yana wasa da aikinsa. Na biyu, fita da yara daga harabar makaranta a lokacin karatu ba ita ke da maganar ƙarshe a kansa ba, sai ofishin ilimi na gunduma ya ba da izini a rubuce. Game da kuɗi, ta haɗa ni da sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka ɗauki nauyin gurza takardu da hayar trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da sharaɗin in riƙa kawo rasit. Jaridar kasuwanci ta Business & Financial Times da kuɗin intanet kuwa daga aljihuna suka riƙa fita, kuma ina ganin ya kamata duk mai niyyar wannan aiki ya san haka tun farko, domin a shekarar da albashi bai motsa kamar yadda farashi ya motsa ba, wannan ɗan kashe-kashe yana taɓa mutum.

Ofishin ilimi na gunduma shi ne inda na fi shan jira. Wasiƙar ba da sunana take tafiya ba, da sunan shugabar makaranta take tafiya, a kan takarda mai tambarin makaranta, zuwa ga daraktan ilimi. Na kai ta ɗakin karɓar wasiƙu, inda wani magatakarda ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango da gefensa ya soma zarewa, ya rubuta kwanan wata da lambar shiga, sannan ya buga hatimi a kan kwafin da na riƙe. Ba a karɓi ko sisi daga gare ni ba. Wannan kwafi mai hatimi da lamba shi ne abin da za ka riƙa nunawa duk lokacin da ka dawo bibiya, in ba ka da shi sai a ce a sake neman wasiƙar daga farko. Da na dawo aka ce jami'in da ke kula da manyan makarantu ya fita zagayen duba makarantu, na zauna a kan bencin baranda har aka kusa tashi. Da na sake dawowa na tarar wasiƙar ta fito, amma ba da izini ba, sai da ɗan rubutu da jan biro a gefenta cewa a haɗo sunayen ɗalibai, da takardun amincewar iyaye, da sunayen malaman da za su yi rakiya har da malama mace tun da akwai 'yan mata, da bayanin inda za a je da lokacin fita da na dawowa, da manufar tafiyar a manhaja. Duk buƙatun masu ma'ana ne, ban ga laifin ko ɗaya ba, abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya lissafa su a ranar da aka karɓi wasiƙar, kuma ba a manna su a ko'ina ba. A daidai wannan lokaci sidi, wanda a watan Janairu ake canza dala ɗaya a kan kusan shida, ya wuce goma sha uku a watan Nuwamba, kuma kowane mako da ya shuɗe ina ji a raina cewa abin da nake so yara su gani da idonsu yana wuce mu muna zaune.

Takardun iyaye sun zo da nasu aikin. An rubuta su da Turanci kamar yadda ofis ke so, amma iyaye da yawa ba sa karanta boko, wasu kuma ba sa sa hannu a takardar da ba su ji bayaninta daga bakin mutum ba, kuma suna da gaskiya. Na nemi minti goma a taron iyaye da malamai na yi bayani da Hausa, wani abokin aikina ya maimaita da Twi. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya miƙe ya ce, "Malam, ka ce yara za su rubuta farashi a littafi, to littafin hannun wa zai ƙare?" Na gane tsoronsa na masu karɓar haraji ne, na tabbatar masa cewa ba za a rubuta sunan kowa ko lambar rumfa ba, kuma littattafan ba za su bar makaranta ba. Waɗanda ba su zo taron ba na bi wasunsu gida bayan la'asar. Masu sa hannu suka sa, masu dangwala yatsa suka dangwala. Da na mayar da komai ofis cikin fayil ɗaya, izinin ya fito cikin 'yan kwanaki, shafi ɗaya, ɗauke da ranakun da aka amince mana da su kawai.

Akwai izinin da ba ya cikin jerin kowane ofishi, kuma ba don shi ba da duk takardun nan ba su amfana komai ba, wato na shugabannin kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari, don haka na nemi wani dattijon unguwa da muke salla masallaci ɗaya ya raka ni wajen shugabannin kasuwar Nima, na riƙe goro kamar yadda aka saba. Muka gaisa da shugaban masu hatsi, daga nan aka kai mu wajen wata Hajiya da ke shugabantar mata masu kayan miya. Ta tambaye ni makarantar da nake, da unguwar da na tashi, da ko gwamnati ce ta aiko ni. Da ta gamsu sai ta ce, "Ɗana, ku zo, amma ban da Laraba, ranar kasuwa ba mai lokacinku. Ku bari rana ta ɗaga cinikin safe ya lafa, kada yaro ya ɗauki hoton kowa, kuma kada su tsaya suna tambaya su toshe wa mai saye hanya." Ta ƙara da cewa in da hali kowane rukuni ya sayi ɗan wani abu, ko albasar sidi biyu ce, domin mai tambayar farashi ba ya saye yana kashe wa mai kaya zuciya. Na sa wannan cikin kasafin da na kai wa tsofaffin ɗalibai, suka amince.

Kafin ranar fita mun zauna a aji mun haɗa kwandonmu na kayan masarufi: shinkafa, masara, garin rogo, wake, man girki, albasa, tumatir, sukari, burodi, gawayi, ruwan leda da kuɗin trotro. Kowane ɗalibi ya tambayi mahaifiyarsa yadda kuɗin cefane ke rabuwa a mako, daga nan muka ba kowane kaya nauyinsa, domin tashin shinkafa ba ɗaya yake da tashin sukari a gidan da ke cin shinkafa kullum ba. A kasuwa kuwa yaran suka ci karo da matsalolin da littafi ba ya faɗa. Rukuni biyu sun kawo farashin gari daban-daban, da aka bincika ashe ɗaya an auna musu olonka, wato gwangwanin awo, da tozo, ɗayan kuma an share bakinta. Wata tsohuwa ta faɗa wa wasu 'yan mata farashi da dubbai, suka rubuta haka nan, sai da muka tsaya na yi musu bayanin cewa a watan Yulin 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, kuma har yau akwai manya da ke lissafi da tsohon. Abin da ya fi ba su aiki shi ne tumatir da albasa da ake kasawa, domin a zagaye na biyu farashin kashi bai canza ba amma kashin ya ragu. Wani yaro ya ce ai haka ƙosai ma ya yi, kuɗinsa na nan amma ya ƙanƙance. Daga wannan suka fahimci dalilin da ya sa masu ƙididdiga ke dagewa kan ma'auni tsayayye, muka ari sikeli daga ɗakin gwajin kimiyya muka riƙa auna abin da muka saya da kilo.

Alƙaluman hukuma ba sai an je ofis ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana tana fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi kowane wata, wanda a lokacin Farfesa Samuel Kobina Annim ke sanarwa, kuma Babban Bankin Ghana, ƙarƙashin gwamnansa na lokacin Ernest Addison, yana fitar da sanarwar kwamitin manufofin kuɗi bayan kowane zama, duka kyauta a intanet. Na riƙa ɗauko shafi ɗaya ko biyu, ba duka ba, in gurza, in ja layi a ƙarƙashin jimlolin da za mu tattauna. Da shekarar ta ƙare, hauhawar farashi da ke kashi 12.6 a Disamban 2021 ta kai 54.1 a Disamban 2022, alhali burin babban banki kashi 8 ne, da sassaucin biyu sama ko ƙasa. Kuɗin ruwan babban banki ya tashi daga 14.5 a farkon shekarar zuwa 27 a watan Nuwamba, watan da hauhawar farashi take 50.3, kuma yara da kansu suka cire wannan daga wancan suka ga cewa mai ajiya yana asara ko da ana ba shi ruwa. A nan wata ɗaliba ta ce, "Malam, mu gidanmu ba a cin bashin banki, ba a kuma karɓar ruwa, to ina ruwanmu da wannan?" Tambaya ce da ta dace da unguwanninmu, kuma amsarta ta cinye darasi guda. Mun bi sawun buhun shinkafa daga mai shigo da ita da ya ci bashi ya sayi dala, zuwa babban dila, zuwa rumfar Nima, muka ga inda kowane ƙari ke hawa. Sannan muka ɗauki adashi, wanda kusan kowace uwa ke yi: idan farashi ya tashi da kashi 54.1 a shekara, sidi 100 da mai kwasar ƙarshe ta karɓa ba zai saya mata abin da ya wuce na sidi 65 a farashin bara ba, ko da ba wanda ya cuce ta. Ajin ya yi tsit, domin kowa na da wadda ya tuna. A watan Disamba kuma, da aka sanar da yarjejeniyar farko da jami'an IMF sidi ya farfaɗo sosai cikin 'yan kwanaki, amma littattafan yaran suka nuna shinkafa ba ta sauko daidai da haka ba, muka tattauna batun kayan da aka riga aka saya da tsada da kuma tsoron ɗan kasuwa cewa dala za ta sake hawa.

Sharaɗin nan na biyu da shugaban sashe ya kafa ya zo gwaji ne a kan batun bashi. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin musanya takardun lamuninta na cikin gida ranar 5 ga Disamban 2022, ta kuma dakatar da biyan wani ɓangare na bashin waje a cikin watan, sannan a watan Fabrairun 2023 'yan fansho masu riƙe da takardun suka riƙa zaman dirshan a Ma'aikatar Kuɗi, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta shiga cikinsu. Ranar da na kawo wannan labari aji ya rabu biyu, kowane yaro na maimaita abin da ya ji a gida ko a rediyo. Na raba allo gida biyu. A ɗaya muka jera dalilan waje: annobar korona, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da farashin mai da alkama da taki, da ƙarin kuɗin ruwa a Amurka da ya janye dala daga ƙasashe irin namu. A ɗayan muka jera na cikin gida: giɓin kasafi na shekara da shekaru, bashin da ruwansa ke cinye babban kaso na kuɗin shigar gwamnati, rufewar ƙofar cin bashi a kasuwannin duniya bayan hukumomin da ke auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi sun rage wa ƙasar maki, da rancen da babban banki ya ba gwamnati. Ƙa'idar ita ce duk wanda zai yi magana ya kawo adadi da inda ya samo shi, kuma ba a ambaton jam'iyya. A ganina duk malamin da ya ɓoye ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ya zalunci ɗalibansa, ko wane ɓangare yake so a zuciyarsa. Duk da haka wani mahaifi ya kai ƙara cewa ana koya wa ɗansa siyasa. Aka kira ni ofishin shugabar makaranta, gabana na faɗuwa, domin irin wannan zargi yana iya bin malami har wajen ƙarin girma. Na ajiye fayil ɗin a kan tebur: jadawali mai gida uku, bayanin zaman sashe, izinin ofishin ilimi, takardun da na raba, da littafin ɗan nasa mai ɗauke da gidajen biyu da rubutun hannunsa. Mahaifin ya duba, aka karanta masa, ya ce, "Malam, in haka ne ba komai," muka yi musabaha aka tashi.

Da ajin da ya biyo baya abin ya zo da sauƙi, amma sai da na sake neman izinin fita, domin na farko ranakun da ke cikinsa kawai ya rufe. Su ne suka ci gajiyar labarin amincewar hukumar IMF da rancen dala biliyan 3 na shekara uku ranar 17 ga Mayun 2023, da kashin farko na dala miliyan 600, da kai kuɗin ruwa kashi 30 a watan Yuli. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakoki da ya biyo baya ya ba mu darasin da ba a taɓa samun irinsa ba a kan tashin farashi ta fuskar ƙarancin kaya, domin akwai yaran da iyayensu ke fataucin albasa daga Nijar zuwa kasuwar Adjen Kotoku, suna saye da sefa suna sayarwa da sidi, kuma su suka yi wa aji bayanin motocin da suka maƙale a hanya da albasar da ta ruɓe. Darasin da ya fi wuya shi ne na farkon shekarar 2024, lokacin da aka sanar cewa hauhawar farashi ta sauko zuwa kashi 23.2 a Disamban 2023, yara suka ce ƙarya ne tun da ba abin da ya yi araha. Muka yi lissafi a allo: abin da yake sidi 100 a Disamban 2021 ya koma kusan 154 bayan shekara, ya sake hawa zuwa kusan 190 bayan wata shekarar. Saurin hawan ne ya ragu, farashin bai sauko ba, kuma tun da littattafan ajin farko na nan a kabad, suka ɗauko su suka gwada da nasu suka tabbatar.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan fi jaddadawa shi ne jadawali mai gida uku, domin shi ne ya buɗe kowace ƙofa, kuma shi ne ke hana malami kansa bin labari mai daɗi ya bar manhaja. Labari ɗaya a mako ya isa, kuma in bai da gida a manhaja a bar shi komai zafinsa. Kada a kai wasiƙa ofishin ilimi sai an haɗa sunayen ɗalibai, da amincewar iyaye, da malaman rakiya namiji da mace, da tsarin tafiyar, duka a fayil ɗaya, a kuma rubuta dukkan ranakun fita na zangon karatun a wasiƙa guda, har da rana ɗaya ta ko-ta-kwana, don kada a koma layi saboda ruwan sama ko wani taron makaranta. Wannan na nufin taron iyaye ya riga ofis, kuma gaisuwar shugabannin kasuwa ta riga duka biyun, tun da su ne za su faɗi ranar da ta dace. A ajiye kwafin kowace takarda mai hatimi da kowane rasit. Game da kuɗi, a nemi mai ɗaukar nauyi tun kafin a yi wa yara alkawarin fita, kuma kada a karɓa daga hannunsu ko da iyaye ne suka ce sun yarda.

Lokutan fitowar labarai ma sanannu ne, ana iya tsara zango a kansu tun kafin a buɗe makaranta. Alƙaluman farashi suna fitowa kowane wata, kwamitin babban banki yana zama kusan kowane wata biyu, ana karanta kasafin kuɗi a majalisa yawanci a watan Nuwamba, ana kuma bitarsa a tsakiyar shekara wajen watan Yuli. Ni yanzu nakan sa batun haraji da kashe kuɗin gwamnati a makon da ya biyo bayan kasafi, in sa batun bankuna a makon zaman kwamiti, zagayen kasuwa kuma in daidaita shi da makon da Hukumar Ƙididdiga za ta yi sanarwa, domin yara su gama nasu lissafin kafin su ga na hukuma. Wasiƙar neman izini kuwa ina miƙa ta ne a makon ƙarshe na zangon da ke ƙarewa, yadda jiranta zai faɗa cikin hutu.